Kwanon da Na Bari Ya Huce

A Greensboro, nan Amurka, akwai shagunan ramen guda biyu da na sani ciki da bai. Duk wanda ya tambaye ni wanne ya fi daɗi, ba na ɓoye masa, na farkon ne. Daga nan sai in ƙara masa da cewa idan na ji ya taka ƙafarsa a can, to ya daina gaishe ni.

Ga wanda bai sani ba, ramen taliya ce ta mutanen Japan, a tsoma ta cikin romo mai zafi, a ɗora mata yankan nama da rabin dafaffen ƙwai da ganyen albasa. Taliyar ba wani abin a zo a gani ba ce. Romon ake zuwa sha, domin ƙashi suke dafawa wuni guda har sai ya saki duk abin da ke cikinsa. Ni ma romon ne ya kai ni.

Lokacin ina da tsohon ciki, na fari, muna zaune a wani ɗan gidan haya a bayan titin Gate City Boulevard. Maigidana yana karatun digirinsa na uku, ni ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Mun nema wa Innata biza don ta zo ta yi mini zaman jego, aka hana ta. Da a Gusau zan haihu, na san abin da ke jirana: ruwan zafi da ganye safe da yamma, kunun kanwa, da tukunyar kauri, ƙafafun saniya da aka dafa da yaji har suka narke, a yi ta ɗura wa maijego romon har ta ce ta tuba. A nan kuwa abin da ke jirana shi ne miji mai kirki wanda iyakar girkinsa shayi.

Wani abokin karatun maigidan ne ya fara kai mu shagon farko, can wajen tsakiyar gari. Wuri ne mai kyau, ba zan yi masa ƙazafi ba. Katako mai duhu, jajayen fitilu na takarda, kuma kana shiga ma'aikatan za su haɗa baki su yi maka maraba da Japananci. Mai shagon Ba'amurke ne dogo mai gemu, ya ɗaura ƙyalle a ka, ya ce ya yi zaman Japan yana koyon sana'ar. Fara'a a wurinsa kamar mai neman ƙuri'a. Ya zo teburinmu da kansa, ya ga cikina, ya sa aka kawo mini matashi na jingina.

Na ce masa mu Musulmi ne, ba ma cin alade. Ya ce ya sani, yana da abokai Musulmi. Na nuna ramen ɗin kaza a takardar abincin na ce naman da ke kai na mene ne, ya ce kaza. Na ce romon fa, da ƙashin me aka dafa shi? Ya dafa ƙirji ya ce ƙashin kaza ne zalla. Na tambayi giya, ya ce babu ita a wannan. Ina jero tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya ne saboda daga baya an sami masu cewa ban yi tambaya ba, kuma har gobe maganar tana ci mini rai.

Da aka kawo kwanon na kurɓa, sai na ji hawaye. Romo ne mai kauri, fari-fari, yana kama leɓe, irin wanda za ka ji ya sauka har bayanka. Ban taɓa jin abin da ya yi kusa da kaurin gidanmu kamarsa ba tun da na zo ƙasar nan. Na dubi maigidan na ce masa ya riƙe hanyar wurin nan da kyau, don zai yi ta zarya.

Haka kuwa aka yi. Na haifi 'yata a farkon sanyi, kuma kusan kullum da yamma maigidan zai dawo daga makaranta da leda: romo a roba ɗaya, taliya a wata. In zuba yajin jego da Inna ta aiko mini ta hannun wani matafiyi, in sha har in yi gumi. Nono ya zo a wadace. Inna takan tambaye ni a waya, "Kina dai samun romo ko?" In ce mata, "Ina sha, Inna, kwantar da hankalinki." Takan ce alhamdulillahi, in ji ranta ya yi sanyi.

A nan Hajiya ta shigo maganar. Hajiya ita ce babbar matan Hausawan garin nan, 'yar Zangon Kumasi, ta riga kowa zuwa, tana zaune da ɗanta ta wajen unguwar Sedgefield. Duk matar da ta haihu babu uwa a kusa, Hajiya ce ke zuwa ta yi wa jariri wanka, ta gasa cibi, ta yi wa uwar faɗa. Kamar yawancin mutanen Zango, "kai" take ce wa kowa, mace da namiji. Kuma kowa ya san ta da tsantseni a kan abin da zai shiga bakinta. Ko alewa aka miƙa mata sai ta ɗauko tabarau ta karanta lebul ɗin da ke bayan ledar. Biki ma da kularta take zuwa. Tun da ta zo Amurka ba ta taɓa zama a gidan abinci ta ci ba, kuma tana alfahari da hakan.

Wata rana ta same ni ina shan romon. Ta leƙa robar, ta shinshina, ta ce, "Wannan daga ina?" Na gaya mata. Ta ce, "Ka tambaya?" Na ce na tambaya, Hajiya, da bakina, har romon na tambaya. Ta ce, "Ka tabbata?" Na ce na tabbata, ki sha a wuyana. Ta daɗe tana kallona, sannan ta karɓi cokali ta yi bismillah. Ta sha ɗaya, ta ƙara, ta ce, "Kai, ashe mutanen nan sun san hannunsu." Ranar na ji kamar an naɗa mini rawani.

Bayan na yi arba'in, ni na ɗebi mata zuwa shagon. Abin ya zama al'adarmu, ana idar da Juma'a sai mu cika motoci mu tafi, Hajiya a gaba a motata. Tsakanin azahar da la'asar lokaci ne da shagon ke zama wayam, mu muka raya masa shi. A haɗa mana tebura a can ƙurya saboda kekunan jarirai, mu baje, mu yi ta kokawa da 'yan sandunan cin taliya har mu haƙura mu nemi cokali mai yatsu. Daga mu sai matan Nijar suka biyo, sai 'yan Sudan, sai 'yan Senegal. Idan wata ta yi ɗar-ɗar, sai a ce mata ai Hajiya ma tana ci. Idan an tambayi Hajiya, sai ta nuna ni. Mai shagon ya karɓi lambar wayata, yana kirana jakadiyarsa, yana ba 'yata wasa.

Ranar da abin ya fashe, daga rigakafi nake da yarinyar, yunwa ta kama ni, na biya ni kaɗai. Da yake ba taro, sai na zauna a kanta, kujerun da ke fuskantar masu girki, inda ban taɓa zama ba. Na yi odar abin da na saba. Ina kallo mai girkin ya ɗauko kwanona, ya ɗebo ludayi ɗaya daga wata matsakaiciyar tukunya ya zuba. Sai ya juya ga wata ƙatuwar tukunya a gefe, wadda romonta ke tafasa fari ƙal kamar kunun gyaɗa, ya ɗebo rabin ludayi ya ƙara.

Na ce masa, "Waccan babbar ta mece ce?"

Ya ce, "Ƙashin alade." Ko ɗago kai bai yi ba, don shi bai san ya faɗi wani abu ba.

Na ce, "Nawa na kaza ne."

Ya ce, "E, na kaza ne. Kowane kwano sai mun haɗa masa biyun, shi ke ba shi jiki. Tsarin gidan nan ke nan tun da aka buɗe."

Na ce ya kira mini maigidansa. Ya fito yana murmushi, hannuwa a buɗe. Na tuna masa ranar da na fara zuwa, na tuna masa hannunsa a ƙirji. Murmushin ya ragu kaɗan, amma bai tafi ba. Ya ce ai ɗan kaɗan ne, kazar ce ta fi yawa. Na ce ban tambaye ka wanne ya fi yawa ba. Sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Kin ga, na ga kina son ki ci, ban so in ɓata miki rai ba. Kuma ai kin ji daɗinsa. Ga ki lafiya lau." Sannan ya miƙa yatsa ya nuna 'yata a cikin kekenta ya ce, "Dubi kumatunta. Bai yi mata illa ba."

Da ya tsaya a ƙaryar, da wataƙila wata rana na yafe. Amma ya nuna kumatun 'yata, kumatun da nonona ya yi, ya mayar da su shaidar romonsa. Ban zage shi ba, kuma ba don haƙuri ba, Turancin ne ya gudu ya bar ni. Na tura keken na fita. A mota yarinyar ta fara kukan nono, na ba ta, ina kallonta tana tsotsa ina kuka don baƙin ciki. A wajen ajiye motocin nan na ci alwashin sai mutumin nan ya san ya taɓa ni.

Maigidana ya kira wani malami a waya, malam ya ce babu laifi a kan wanda aka yaudara, in yi istigfari in manta. Na ji, na kuma gode. Malam ya wanke ni a wajen Allah, amma babu malamin da zai wanke ni a wajen Hajiya. Ban bari ta ji a bakin wani ba, washegari na tuƙa har Sedgefield na durƙusa a falonta na faɗa mata. Ta tashi ta shiga banɗaki, ina jin ta tana kurkure baki, ta daɗe tana yi, alhali rabonta da romon kusan mako guda. Da ta fito ta ce, "Allah bai kama mu ba. Tashi ka zauna a kujera." Har lemo ta ba ni. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Hukuncin ya zo a taronmu na wata-wata, inda kowace mace ke zuwa da kula. Ni da waina da miyar taushe aka san ni, kuma kullum kulata Hajiya ke fara buɗewa. Wannan karon ta bi layin kuloli da farantinta, ta zo kan tawa, ta tsallake. Ba ta yi don a gani ba, amma kowa ya gani. Wata matar likita da ke zaune a Summerfield, mai gida kusa da masu dawakai, wadda ba ta iya gama zance ba ta ambaci girman filinsu ba, ta ɗaga wainata da cokali mai yatsu ta ce, "Anti, wannan dai kin duba lebul ɗinta ko? Kar mu je an ƙara mata jiki." Aka yi dariya. Ni ma na yi, na kuma ajiye ta a raina kusa da mai gemu. Wata ya bi wata, Hajiya tana gaishe ni, tana ɗaukar 'yata tana yi mata wasa, amma ko ruwa na miƙa mata sai ta riƙe shi har a tashi.

Maigidan ya ce in rubuta ƙorafi a intanet in huta. Na rubuta, amma wannan ai susa ce kawai. Da ƙafata na tara wa mutumin nan jama'a, da ƙafata na bi na kwashe su. Na tsaya a ƙofar mata ta masallaci bayan Juma'a, na tare 'yan Sudan, na tare 'yan Senegal, wadda ba ta jin Turanci na nemo mai fassara. Na bi shagunan kitso, na bi mahautan halal. Ba na ƙara gishiri, don labarin bai buƙata ba. In faɗi ludayi biyun, in faɗi yatsan da ya nuna 'yata, sai in ga fuskar mace ta canja. Ba a jima ba Juma'arsa ta koma yadda muka same ta. Nakan bi ta gaban shagon a hankali da mota in leƙa ta gilashi, in ga ƙuryarmu babu kowa, in ji sanyi a raina. Amma har lokacin Hajiya ba ta buɗe kulata ba.

Shago na biyu tuntuɓe na yi da shi. Yana kan Gate City Boulevard, a jerin shagunan da nake sayen nama, a matse tsakanin mahaucin halal da wani wurin wankin kaya. Na sha wucewa ban kula ba, don allon ya koɗe, tagar kullum da tururi. Mahaucin ne ya ce mini tsohuwar da ke ciki a wurinsa take sayen kaji da ƙasusuwansu. Na shiga da niyyar rigima, don a lokacin duk mai sayar da ramen abokin gabana ne.

Babu fitilu, babu masu ihun maraba. Tebura kaɗan ne, ɗaya ma an tokare ƙafarsa da kwali. Tsohuwar 'yar Japan ce, gajera, fuska a ɗaure tamau, ita da mijinta da ba ya magana. Ta dubi mayafina, ta ƙwace takardar abincin daga hannuna tun ban buɗe baki ba, ta fara bi da yatsa. "Wannan a'a, alade. Wannan a'a, alade. Wannan akwai giya a miyar. Wannan a'a." Ta tsaya a kan abu ɗaya tak a can ƙasa ta ce, "Wannan kaɗai za ki iya ci."

Na ce, "An taɓa gaya mini haka."

Ta yi mini wani kallo, ta ɗaga katakon kantar shagon ta ce in shigo. Na shiga har cikin kicin ɗin da goyo a bayana. Tukunyar alade tana kan murhun hagu da ludayinta mai jan mariƙi. Ta kaza tana can dama, ludayinta na katako. Ta tsoma shi har ƙasa ta kwaso mini ƙasusuwan na gani da idona, ƙafafu da wuya da fukafukai. Ta ce ba don mu take raba su ba, kada in ɗauka. Ita dai a garinsu ba a haɗa romo biyu, mai haɗawa bai yarda da romonsa ba ne.

Gaskiya ita ce nata bai kai na mai gemu daɗi ba, kuma wannan yana cikin abin da ya fi ƙona mini rai. Romonta garau yake, ruwan zinariya, kana hango gindin kwano. Ba ya kama leɓe. Cokalin farko sai ka ji kamar an manta da wani abu, kuma ni na san abin da aka manta ɗin. Sai ka kai tsakiya sannan citta da ɗanɗanon kazar su fara yi maka magana. Ƙwanta ya fi nasa, wannan kam babu musu, gwaiduwar tana malala. Taliyarta siririya ce, da hannun mijinta ake murza ta. Amma harshena ya riga ya saba da na mayaudarin, kuma na tsani harshen nawa saboda haka.

A zuwana na biyu ne ta yi mini faɗan da ya zame mini makami. An ajiye mini kwano sai waya ta shigo, na tsaya amsawa. Tsohuwar ta fito daga kicin ta ƙwanƙwasa teburin da yatsa ta ce in ajiye wayar. Ta ce taliya ba ta jira, tana shan romo ta kumbura ta mutu. Ta ce mai dafa ramen yana iya jure a ce masa gishiri ya yi yawa, amma a bar kwanonsa ya huce a gabansa ba a taɓa ba, ya fi a zage shi ciwo. Wanda ya shanye romon har ƙasa kuwa ya yi godiya ko bai ce komai ba. Na ajiye wayar na ci. Ina ci ina tunanin mai gemu, wanda ya ce a Japan ya koyo sana'a.

Na so in kawo Hajiya nan, amma da wane baki? Na faɗa wa mata biyu uku, suka ce to, Allah Ya kai mu. Babu wadda ta zo. Maganata a kan abinci ta zama abin da ake saurara da murmushi.

Ana nan sai ga saƙon mai gemu a wayata. Ya ce ya yi kewar jakadiyarsa. Ya ce ya fito da sabon ramen na kaza zalla, tukunya daban, don abokansa Musulmi, in zo in ɗanɗana kyauta in gaya wa 'yan'uwana. Babu kalmar ban haƙuri ko ɗaya a ciki, na karanta sau da yawa ina nema. Maigidan ya ce in share. Na ce a'a, gayyata ce, kuma a gidanmu ba a ƙin amsa gayyata.

Na zaɓi Asabar da rana, lokacin da shagon ke cike. Na bar yarinyar wajen babanta, na ci ado kamar mai zuwa ɗaurin aure, na ɗaura ɗankwali ya tsaya. Suka yi ihun marabarsu. Na wuce kai tsaye na zauna a kanta, a kujerar da na zauna ranar. Ina zama na hango matar likitan Summerfield a wani lungu, ta sunkuya a kan kwano, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Na ɗaga mata hannu na ce, "Anti, a ci lafiya. An dai duba lebul ko?" Taliya ta sarƙe ta, sai da ta nemi ruwa.

Mai gemu ya ce shi da kansa zai haɗa mini. Ya nuna mini sabuwar tukunyar, ya ɗaga ludayin sama don in gani, ya tsane taliyar da salo, ya jera naman da ƙwan, ya ajiye kwanon a gabana da hannu biyu. Ƙamshin ya bugi hancina, yawuna ya tsinke, ba zan yi ƙarya ba. Wataƙila ma wannan karon gaskiya ya faɗa. Na harɗe hannuwana a kan kantar na zuba wa kwanon ido.

Ya ce, "Ki ci da zafinsa."

Na ce, "Ina sane."

Ya tafi ya sallami wasu ya dawo. Tururin ya ragu. Taliyar ta fara shan romo tana tasowa. Masu girkin suka fara satar kallona, na kusa da ni ma suka lura. Ya ce ko akwai matsala ne? Na ce babu. Ya ce taliyar za ta lalace. Na ce na sani. Ya ce bari ya canja mini wani, na ce a bar mini wannan, shi nake so. Na zauna har maiƙon ya kwanta a sama ya yi fata, taliyar ta kumbura ta cika kwanon ta yi laɓo-laɓo, ƙwan ya nutse. Kunnuwansa suka yi ja. Fara'ar nan da na sani duk ta zube, ya rasa inda zai sa hannunsa.

Daga ƙarshe ya sunkuyo ya rage murya ya ce, "Na rantse miki babu alade a ciki."

Na ce, "Ka taɓa rantse mini." Na faɗa da ƙarfin da na kusa za su ji. Sannan na ce, "Kar ka damu. Dube ka, ga ka lafiya lau. Bai yi maka illa ba."

Na ajiye kuɗin kwanon a gefe, don ba na son kyautarsa, na ɗauki jakata na fita. An yi mini tarbiyyar cewa ba a wulaƙanta abinci, kuma na san Inna ba za ta so ba. Amma tun da na haihu ban yi barci mai daɗin na ranar ba.

Matar likita ba ta iya riƙe labari, ko da kuwa labarin zai tona ta. Kafin Juma'a ya kai Sedgefield. Bayan sallah ina naɗe darduma sai na ji an dafa kafaɗata. Hajiya ce. Ta ce, "An ce ka je ka ɓata abincin mutane." Na ce na je, Hajiya. Ta ce, "Almubazzaranci ne, ka nemi gafara." Na ce to. Ta rage murya, ta ce, "Har kunnensa ya yi ja?" Na ce har wuyansa. Ta gyara mayafinta ta ce, "Ina wancan na kusa da mahauci da ake cewa kana zuwa? Kai ni."

Mu biyu muka je. Tsohuwar ta ga mayafi biyu, ta ɗauko takardarta ta fara, wannan a'a, wannan a'a. Na ce wa Hajiya idan tana so a shigar da ita kicin ta ga tukunyar da idonta, za a shigar da ita. Ta ce ba ta zo kallon tukunya ba. Aka kawo kwanuka biyu aka ajiye. Hajiya ba ta ɗauko tabarau ba, ba ta shinshina ba. Ta juyo ta dube ni ta ce, "In ci?"

Na ce, "Ki ci, Hajiya."

Ta yi bismillah ta kurɓa. Ta tauna taliyar a hankali, ta ƙara kurɓa, sannan ta ce, "Na wancan maƙaryacin ya fi daɗi." Na ce na sani. Ta ci gaba da ci har ta cinye, ta ɗaga kwanon da hannu biyu ta shanye romon tas. Tsohuwar tana leƙe daga kicin, ta gyaɗa kai sau ɗaya ta koma bakin aikinta.

A taron watan, Hajiya ta bi layin kuloli da farantinta ta tsaya a kan tawa. Ta ɗebi waina, ta zuba miyar taushe har tana neman zuba a gefe. Matar likita tana bayanta a layi, ta miƙo faranti, na zuba mata da hannuna.

Shagon farko yana nan bai rufe ba, ɗaliban jami'a suna cika masa shi da yamma. Mu kuwa yanzu a shagon tsohuwar, teburin mai kwali muke haɗawa ranar Juma'a, tsohuwar tana yi mana tsawa mu ajiye waya. Daga masallaci zuwa can hanya miƙaƙƙiya ce, amma ni ta tsakiyar gari nake zagayawa, in rage gudu a gaban gilashin mai gemu. Hajiya tana gaba kusa da ni, ba ta taɓa tambayata dalilin zagayen ba. Ita ma leƙawa take yi.